Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Sharhi Kan Koyar da Al'adun Adar a Jami'a

A shekarar 1975 wasu littattafai biyu suka fito cikin jerin nan na Études Nigériennes, waɗanda har yau duk mai neman sanin ƙasar Adar ba shi da makawa sai ya ratsa ta cikinsu. Ɗaya na Djibo Hamani ne, a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ɗayan na Nicole Echard ne, a kan yadda manoman Adar suke riƙe da labarin kakanninsu. Shekara biyar kafin nan, a 1970, Pierre Bonte ya kammala kundinsa a kan Kel Geres, Abzinawan nan da Azarori da Galma ke cikin manyan mazaunansu. Duka ukun da Faransanci aka rubuta su. Duka ukun kuma, da za a zare musu abin da dattawa suka faɗa a zaure da gindin itace da bakin maƙera, da sun rame ƙwarai da gaske.

A nan tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami take. Idan dattijon Azarori ko na Buza ya isa a zauna gabansa a ji daga bakinsa har a rubuta littafin da za a ba wani digiri saboda shi, me ya hana shi isa ya zauna gaban ɗalibai su ji daga bakin nasa kai tsaye? Tambayar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Doka ta riga ta faɗi tata. Saura a ga abin da ɗakin karatu zai yi da ita.

Abin da littattafan suka yi

Adalci ya wajabta a fara da yabo. Kafin aikin Hamani, yawancin abin da aka rubuta kan Adar da Faransanci rahotannin kwamandodi ne, masu kallon jama'a ta fuskar haraji da kwantar da tarzoma. Hamani ya haɗa ruwayoyin baka da rubuce-rubucen Larabci da takardun mulkin mallaka, ya nuna cewa Adar ƙasa ce mai tarihi hawa-hawa: Azna da suka riga kowa kafa garuruwa bisa duwatsu da kwaruruka, sannan ikon Kabi, sannan zuwan Agabba, ɗan Sarkin Agadas, a ƙarshen ƙarni na 17, wanda daga gare shi sarautar Adar ta samo asali. Ya fitar da ƙasar daga matsayin gefen daula ya sa ta a tsakiyar labarinta. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma daidai ne da jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa a yau.

Echard ta bi wata hanya. Ita ba jerin sarakuna ya dame ta ba. Ta nemi ta gane yadda talaka ke tuna abin da ya wuce: wane dangi ya fara sare dajin, wa ya iske wa, wa ke da haƙƙin yanka a wurin tsafin gari, wane ne baƙo ko da ya shekara ɗari biyu. Ta zauna da maƙera har ta ɗauki fim a 1968 kan yadda suke narka tama, daga baya kuma, a 1989, ta fitar da littafi kan bori a Adar da Kurfai. Bonte shi kuma ya bayyana yadda arzikin Kel Geres ya ginu bisa raƙuma da ayarin gishiri da geron da manoma ke nomawa a ƙarƙashin ikonsu.

Aibin waɗannan ayyuka ba a cikin shafukansu yake ba, yana ga inda suka tafi bayan an buga su. Sun tafi ɗakunan ajiyar littattafai na Yamai da Paris. Jikan maƙerin da aka ɗauka a fim, idan Allah Ya sa ya kai jami'a, zai iske kakansa a can an mayar da shi misali cikin darasin da ake bayarwa da harshen da kakan bai taɓa ji ba. Zai koyi kiran abin da ya tashi a cikinsa da sunayen da aka ƙera a Faransa, ya rubuta jarrabawa da su, ya ci. In ya koma gida hutu, ba shi da kalmomin da zai gaya wa mahaifiyarsa abin da ya karanta game da ita. Ilimin ya fita daga gari ta ƙofa, bai sami ko taga ta komowa ba.

Jami'a da harshen gida

Ba yau aka fara wannan kuka ba. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992, ya rubuta tun 1964 cikin littafinsa kan ilimi a Afirka cewa makarantar da ta juya wa harsunan jama'a baya ba za ta gina ƙasa ba. A 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara ruwayoyin baka da ta zama CELHTO, Boubou Hama kuwa ya yi ta tara tsofaffin rubuce-rubuce na Larabci da ajami. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, dokar 2001 ta lissafa harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa. A takarda dai ba a bar komai ba.

Amma mai karatu zai lura cewa duk wannan ƙoƙari ya tsaya ne a wurare biyu: ajin ƙananan yara da ɗakin ajiya. An yarda Hausa ko Tamajak su riƙa hannun yaro har ya iya tsayawa da Faransanci, daga nan a sallame su kamar ungozoma bayan suna. An yarda kuma a naɗi muryar tsoho a adana. Abin da aka yi ta jan ƙafa a kai shi ne harshen ya zama wanda ake tunani mai zurfi da shi, a yi muhawara da shi, a kare kundin digiri da shi. A sashen nazarin harsuna ana feɗe Hausa da wuƙar Faransanci, kamar yadda ɗalibin likitanci ke feɗe abin da ba ya motsi. Jami'ar Tawa kuwa, da aka kafa a 2010 tare da na Maraɗi da Damagaram, ta fara ne da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Fannoni ne masu amfani, amma ɗalibin shari'ar da zai je yanke hukunci kan rikicin gona da burtali a Madawa ko Keita, wa ya koya masa yadda mutanen wurin suke fahimtar mallakar ƙasa?

Tsallaken iyaka abin ya ɗan bambanta. A Kano da Zariya da Sakkwato an daɗe ana ba da digiri a Hausa, har zuwa digiri na uku, ana kuma rubuta kundaye da Hausa zalla, an kasa fannin gida uku: harshe da adabi da al'ada. Malamai irin su Ibrahim Yaro Yahaya da Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza sun nuna cewa harshen na iya ɗaukar nazari kowane iri. Sakkwato kuwa ta fi Yamai kusa da Adar nesa ba kusa ba. Duk da haka, ko a can ɗin, mai maganin gargajiya da makaɗi da ma'aska galibi sunayensu na ƙarshen kundi ne, cikin jerin waɗanda aka yi hira da su. Harshen ya hau kujera, masu shi suna tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya faru a Kanada

A nan ne labarin wata al'umma mai nisa zai yi mana amfani. Anishinabe mutane ne da ke zaune a kewayen manyan tafkunan Arewacin Amurka tun kafin zuwan Turawa, sun haɗa da Ojibwe da Odawa da Potawatomi. Fiye da shekara ɗari gwamnatin Kanada da majami'u suna raba ƴaƴan ƴan asalin ƙasar da iyayensu, suna tsare su a makarantun kwana inda ake hukunta yaro in ya yi magana da harshen uwarsa. Sai cikin shekarun 1990 aka rufe na ƙarshensu. Wanda ya yi lakkol a zamanin da ake rataya wa yaro alamar kunya in bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa zai ɗan ji ƙamshin abin, ko da yake azabar can ta fi tamu nesa, domin mu da yamma muna komawa ɗakin iyayenmu.

A 1969 jami'ar Trent, a lardin Ontariyo, ta buɗe shirin nazarin ƴan asalin ƙasa, na farko a Kanada, a 1999 kuma ta fara ba da digiri na uku a fannin. Abin da ya bambanta ta shi ne ta ɗauki dattawan al'umma a matsayin malamai, ta kuma sa sanin gargajiya cikin ma'aunin da ake ƙara wa malami girma da shi. Shirley Williams, wadda ita kanta ta bi ta makarantar kwanan nan tana yarinya, ta koyar da harshen Anishinabe a can har ta kai muƙamin farfesa bisa nauyin abin da ta gada daga mutanenta. Jami'ar Algoma, wadda ke zaune a harabar tsohuwar makarantar kwana ta Shingwauk, tana ba da digiri a harshen da aka taɓa dukan yara saboda shi a wannan wuri. A 2015 hukumar gaskiya da sulhu ta ƙasar ta fitar da kiraye-kiraye 94, na 16 daga ciki yana neman manyan makarantu su buɗe digiri a harsunan ƴan ƙasa.

Abin lura ga Bahaushe shi ne ladubban da suka shiga aji tare da dattawan. Mai neman sani wurin tsoho yakan miƙa masa taba kafin ya yi tambaya, kamar yadda mu ba ma zuwa gaban babba hannu rabbana ba tare da goro ba. Akwai labaran da ba a bayar da su sai lokacin sanyi da ƙanƙara ta rufe ƙasa, kamar yadda ba a tatsuniya da rana. Wani darasin kuma ba a aji ake yin sa ba, sai an shiga kwalekwale an je girbin shinkafar tafki. Ma'ana, jami'ar ta yarda cewa ilimin yana da nasa sharuɗɗa, ita ce za ta sunkuya ta shiga ɗakinsa.

Inda kwaikwayo zai yi ɓarna

To, sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wanda ya ɗebo tsarin Kanada ya juye shi a Adar yadda yake, zai haƙa rijiyar da shi zai fara faɗawa. A can layin a fili yake: ga waɗanda aka iske, ga waɗanda suka ƙetaro teku suka ƙwace ƙasa, kuma har yau su ne masu rinjaye. Harshen Anishinabe yana fama ne da ƙarancin masu magana da shi. Hausa ba ta cikin wannan hali, miliyoyin mutane ke kwana da tashi da ita, kullum kuma ƙara yaɗuwa take. Matsalarta ta daraja ce a ofis da jami'a.

Sannan wane ne ɗan asalin ƙasa a Azarori? Ba'aznen da kakanninsa suka riga kowa? Ba'abzinen Kel Geres da kakanninsa suka gangaro daga Abzin cikin ƙarni na 18 suka riƙe iko? Bafillacen da ke ratsawa da shanunsa kowace shekara? Ko kuwa wanda aka kawo kakarsa a ɗaure, ya tashi bai san wani gari ba sai wannan? Kalmar da ta zama makamin neman haƙƙi a Ontariyo tana iya zama wuƙar raba maƙwabta a kwarin Tarka. Mun ga abin da gardamar ɗan ƙasa da baƙo ta jawo a wasu sassan Afirka ta Yamma, ba ma fatan irinsa.

Littafin Benedetta Rossi na 2015, wanda ya bi tarihin Adar daga 1800 zuwa 2000, ya taɓa wannan gyambo. Ta nuna yadda bauta da bambancin asali suka ci gaba da tsara wa ke da gona, wa ke tafiya ci-rani, wa ke aikin ƙarfi, har zuwa zamanin aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya. Ta kuma nuna yadda wasu zuriyar bayi suka bar Tamajak suka koma Hausa domin su kuɓuta daga tabon asali. Ko sunan nan Buzu, da Bahaushen nesa ke kiran kowane mai rawani da takobi da shi, a Adar yana da nauyin da mai furta shi ya kamata ya sani. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa, a 2008 kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, ƴar jihar Tawa. Wannan ba tarihin da ya huce ba ne.

Saboda haka darasin al'adun gida da zai tsaya ga kirarin sarakuna da kwalliyar raƙuma ranar salla yaudara ne. Idan aka ce a kawo dattawa aji, dole a tambaya: dattawan wane gida? In fada kaɗai za ta zaɓo su, to jami'a za ta zama sabon zauren da ake maimaita labarin masu iko, da hatimin digiri a kansa. Tsohuwar da ta san yadda aka raba kakarta da garinsu ita ma masaniyar tarihi ce. Haka kuma, yanzu da aka fifita Hausa, akwai haɗarin ta yi wa Tamajak da Fulfulde abin da Faransanci ya yi mata. Sashen nazarin Adar da ba a jin Tamajak a cikinsa, ba a koyar da rubutun Tifinag, rabin Adar kawai ya sani. Wanda aka taɓa hana shi magana bai kamata ya zama mai toshe bakin wani ba.

Bori, addini da asiri

Akwai wani cikas da ba a cika faɗinsa a fili ba. Jama'ar Adar Musulmi ne, kuma ƙasar tana da tsohon tarihin malanta. Malam Jibrilla ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana da alaƙa da ita. Da yawa daga cikin ɗalibai da iyayensu suna ɗaukar nazarin bori ko al'adun Azna tamkar komawa jahiliyya. Sakamakon haka sai aka bar fagen ga baƙi, ya zamana mai son sanin yadda kakanninsa suka fahimci cuta da damina da mutuwa sai ya tambayi Paris. Amma sanin abu daban, bin sa daban. Malaman Sakkwato da suka yi rubutu kan bori da magungunan gargajiya ba su bar sallarsu ba. Likitan da zai yi aiki a ƙauye kuwa, in bai san abin da majiyyaci ke nufi da iska ba, zai yi ta rubuta magani suna ta saɓani.

A ɗaya gefen, ba duk abin da tsoho ya sani ne na allo ba. Maƙera da mafarauta da masu magani suna da asirin da ake gada da sharaɗi. Jami'a ta saba ɗaukar cewa duk abin da aka sani a buga shi. Nan ma akwai abin koyi daga Anishinabe, waɗanda suka dage cewa al'umma ce ke da ikon cewa wannan a rubuta, wancan a bar shi inda yake. Mai bincike da ya yi wa dattijo wayo ya kwashi abin da aka ba shi amana ya watsa, ya rufe ƙofar ga duk wanda zai zo bayansa.

Abin da ke hannu

Ba sai an jira gini ko tallafin waje ba kafin a fara. Mataki na farko shi ne a mayar da littattafan gida: a fassara Hamani da Echard da Bonte zuwa Hausa da Tamajak, a karanta su a gidajen rediyon karkara, a kai fim ɗin maƙera a nuna wa jikokinsu, a kuma saurari gyaran da za su yi, domin za su yi. Na biyu, a buɗe wa masana na gargajiya gurbi na haƙiƙa a jami'a, da albashi da suna a jadawalin darussa, su zauna cikin masu tantance kundin da ya shafi fanninsu. Gayyatar makaɗi ya yi wasa ranar bikin al'adu ba ita ce wannan ba. Na uku, a ba ɗalibi damar rubuta kundinsa da kare shi da harshen mutanen da ya yi bincike a kansu, ya kuma koma ya karanta musu sakamakon.

Kuma kada a killace abin cikin sashen adabi. Manoman Adar da suka farfaɗo da fako ta hanyar haƙa tassa, da na kwarin Majiya da suka rayu da jerin itatuwan kare iska tun daga 1975, da masu albasar Galmi da Madawa, suna da abin koya wa ɗalibin aikin gona. Makiyayin Kel Geres da ya san kowace rijiya da kowace ciyawa daga Azarori zuwa Ingal yana ɗauke da taswirar da babu ita a kowane ofis. Waɗannan mutane suna tsufa, kuma fari da ci-rani da rashin tsaro suna yanke igiyar da ke tsakaninsu da jikokinsu.

Tsofaffin da Hamani da Echard suka zauna da su shekara hamsin da suka wuce, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Sun ba da abin da suke da shi ga duk wanda ya zo da ladabi ya tambaya, ba su nemi a sa sunansu a bangon littafi ba. Ƴaƴansu suna nan a Azarori da Buza da Keita, wasunsu kuma har yanzu suna riƙe da abin da aka bar musu. Daga garuruwan nan zuwa Tawa tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba, kuma jami'ar da ke can tana ɗauke da sunan mutumin da ya san darajar zama gabansu. Abin da ya rage shi ne ta aika musu da goron gayyata tun suna da ƙarfin amsawa.